Ƙotar Bindigar Kakanka

Dutsen Kura, Minna.

Abba,

Assalamu alaikum. Da sunan Allah nake fara wannan takarda, ina roƙonsa ya sa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da gwaggonka da duk mutanen gidanta a Maitumbi. Mamanka ta ce mini ranar Asabar za ka kama hanyar Jalingo, wurin aikin awon ƙasa da ka samu. Daga bakinta na ji, ba daga naka ba, kuma ban ga laifinka ba. Allah ya sa ka je lafiya, ya tsare ka a kan hanya, ya haɗa ka da mutanen kirki a can.

Ka san ni ba ma'abocin rubutu ba ne, fensir ɗina na kan katako ne. Amma na lura duk lokacin da na buɗe baki zan yi maka magana mai taushi, sai muryata ta tashi da kanta kamar ina ciniki a kasuwar katako. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta. Yau mako uku ke nan da na same ka a gindin mangwaron tsakar gida, ka ɗora ƙotar bindigar iskar kakanka a cinya kana cin ta da magagari, na faɗa maka abin da na faɗa, ka kwashe kayanka ka koma gidan gwaggonka. Ba na so ka bar garin nan alhali wannan ce maganar ƙarshe da ka ji daga bakina. Akwai abubuwan da ba ka sani ba game da ƙotar nan, kuma ni ne na ɓoye maka su.

Kakanka, wanda ka ci sunansa, kafintan taragu ne a loko, nan tashar jirgin ƙasa. A hannun wani direban jirgi da zai yi ritaya ya sayi bindigar. Irin ta harbin tsuntsu ce, wadda ake karya bakinta a sa ɗan dalma guda, amma ƙotarta katako ne mai nauyin gaske, ja-ja-ja, mai sheƙi. A lokacin bayan Dutsen Kura duk daji ne da gonakin doya da itatuwan kaɗanya, babu waɗannan gidajen bulo da suka hau kan duwatsu yanzu. Ranar da ba shi da aiki, Baba yakan rataya ta mu fita da hantsi, ya harbo kurciyoyi, wani lokaci a yi sa'ar fakara, mu dawo kakarka ta yi mana farfesu da barkono har hawaye ya zubo. Har yau in na ji kukan kurciya da rana tsaka, ƙamshin farfesun nan nake ji, kuma kewar mutanen nan biyu takan kama ni sosai.

Da na kai shekara goma sha tara ya fara barina in fita da ita ni kaɗai. Ni kuwa a lokacin siriri ne kamar sandar rake, in na ɗaga ta kafin in daidaita hannuna ya fara rawa. Maimakon in ce ƙarfina ne bai kai ba, sai na ce bindigar ce ta yi tsawo. Na riga na yi shekara biyu ina koyon kafinta, ina ji a raina babu katakon da ya fi ƙarfina. Rannan aka tura Baba Kaduna aikin kwana huɗu. Jirginsu bai gama fita daga tasha ba na ɗauko zarto. Ban auna ba, ban ja layi ba, ban ma kwance ƙarfen daga jikin katakon ba. Na duba gindin ƙotar da ido, na ce yatsa uku ya isa, na yanke.

Da na ɗora ta a kafaɗa, sai na ga ɓarnar da na yi. Ta yi sauƙi, gaskiya ne, amma duk nauyin ya koma gaba, bakinta sai sunkuyawa yake yi, hancina kuma ya zo dab da babban yatsana. Na ɗauki guntun da na yanke na kara shi a wurin, na daɗe ina kallonsa, kamar kallo zai haɗa shi.

To ka ji shawara ta farko. Za ka je wurin aiki ka tarar da abubuwa da yawa da za su yi maka nauyi, yadda suke ajiye takardu, yadda suke fita daji, wanda ake gaisarwa kafin wani. Za ka ga kamar kai da ka fito daga makaranta jiya ka fi su sanin hanya mai sauƙi, kuma wataƙila ka fi su ɗin. Amma kada ka ɗauki zarto a makon farko. Ka ɗauki abin yadda yake har kafaɗarka ta saba, sannan ka gane ko shi ne ya yi nauyi ko kai ne ba ka yi ƙwari ba. In ya tabbata sai an rage, ka ja layi, ka rage kaɗan, ka gwada, ka bari ya kwana. Gobe kana iya ƙara ragewa, amma abin da ka cire ya fita ke nan.

Abin da na yi bayan wannan ya fi yankan muni. Na mayar da robar gindin, na datse gefenta da wuƙa don ta yi daidai, na shafe wurin da man goge takalmi, na rataye ta a ƙusarta na yi shiru. Baba ya dawo, ya huta, washegari ya sauko da ita. Ina tsaye ina ta faman share tsakar gidan da babu datti. Ya ɗora ta a kafaɗa sau ɗaya, ya sauke, ya shinshina gindin, ya mayar da ita ƙusa. Ya ci gaba da harkokinsa. Kwana uku yana gaishe ni, yana aike na, yana cin tuwo da ni a kwano ɗaya. A rana ta huɗu ya kira ni.

Ya ce, "Sule, me ya sami bindigar nan?"

Na ce, "Baba, ina jin gara ce ta ci gindin."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Ikon Allah. Garar Minna har ta iya riƙe zarto, ta kuma san inda nake ajiye man takalmina."

Kakarka tana tankaɗe a gefe, dariya ta ƙwace mata har ta zubar da gari. Da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi. Daga baya ya ce mini yankan bai dame shi ba, kowane ɗan koyo sai ya ɓata katako, kwana ukun nan ne suka ba shi haushi, don yana ta jira in zo da ƙafata ban zo ba. Ya ɗauko guntun katakon kaɗanya, ya sa ni na sassaƙa shi a gabansa, muka ƙara wa gindin tsawo. In ka cire robar za ka ga layin haɗin, launin ma bai zo ɗaya ba.

Aikinka na awo ne, Abba, kuma duk mai awo sai ya yi kuskure wata rana, ya kafa turke inda ba nan ba, ko ya rubuta lamba a juye. Ranar da haka ta faru, kai ne za ka fara zuwa wurin na gaba da kai, tun kafin ya gano. Kunyar minti biyar ce. In ka shafa mata man takalmi, wani zai zo ya gina gida a kan kuskurenka.

Kuskure na uku na yi shi ne da furfura ta fara leƙowa, don haka ba ni da uzurin ƙuruciya. Baba ya rasu, bindiga ta zama tawa, ina da shagona a bakin titi, ana kirana Malam Sule kafinta har daga Barkin Sale ana kawo mini aiki. Kana goye a bayan mamanka a lokacin. Sai na ga ƙotar ta tsufa, ta yi baƙi-baƙi, ga ta da kauri kamar taɓarya. Na ce zan yi mata gyara na gwanaye, in rage mata ƙiba ta yi siriri irin na zamani. Wannan karon na kwance ƙarfen, na ja layi, na yi komai bisa ƙa'ida. Ina cikin cin wuyan ƙotar da magagari, wato wurin da hannu yake kamawa bayan kunama, sai ga tsoho Ɗanladi, maƙwabcinmu manomin doya, mutumin Gbagyi, abokin Baba tun suna samari. Ya dawo daga coci da rigarsa ta Lahadi, ya tsaya a ƙofar shago yana kallona.

Ya ce, "Sule, wannan wuri ba a taba shi. Nan ne karfi yake. In kana so bindiga ya yi sauki, bude gindi, huda ciki, cire katako a ciki. Waje ka bar shi."

Na ce, "To Baba Ɗanladi, na gode." A raina kuwa cewa nake yi, mutumin da aikinsa tudun doya shi zai koya wa kafinta katako. Har na kwaikwayi Hausarsa na ba mamanka dariya da na koma gida, Allah ya yafe mini. Na ci gaba da ci har wuyan ya yi kyau a ido. Irin bindigar nan kuwa in ta tashi, sifirin ɗin cikinta, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke tura iska, yana dukan gaba da baya, duk girgizar a wuyan nan take sauka. Ba a yi wata biyu ba, ina harbin gwangwani a bayan gida, na ji ƙas a tafin hannuna. Ta tsage, tsagar ta bi jijiyar katakon.

Tsoho Ɗanladi ne ya riƙe mini ita na ɗura gam, na huda na sa turaku biyu na katako, muka ɗaure da robar tayar keke. Bai ce ai na faɗa maka ba. Abin da ya ce kawai, "Babanka ma taurin kai ne da shi, amma shi yana tambaya." Daga baya na bi shawararsa, na cire robar gindi, na huda ramuka biyu a ciki da abin huda na hannu, a hankali ina yi ina ɗagawa ina jin inda nauyi ya koma. Ta yi sauƙi fiye da duk abin da na rage a waje, kuma babu mai gani.

A inda za ka, za ka haɗu da mutanen da Hausarsu za ta ba ka dariya, da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Su suka san inda ruwa yake kwanciya da damina, da inda iyakar gonar kakanninsu ta tsaya. In tsoho ya tsaya a kanka ya ce nan ba a taɓawa, ka ajiye abin hannunka ka tambaye shi dalili. Ba ka rasa komai ba in ka tambaya.

Amma ba tsagar ce ta fi ci mini rai a gyaran nan ba. Kafin in shafa sabon mai, sai da na kankare tsohon fentin duka da fasasshiyar kwalba, na bi da samfefa. Ina ta murna katako yana fitowa fari tas. Sai da na kusa gamawa na lura da abin da nake kankarewa. Baƙin nan da na ɗauka datti ne, ba ko'ina yake ba. Yana wurin da kuncin Baba yake kwanciya, da wurin da tafinsa yake kamawa, gumin shekaru ne da man kaɗen da yake shafa mata da hannunsa. Na kankare mahaifina daga jikin abinsa, na share da tsintsiya na zubar a bola. Abin da ya rage ɗan wuri ne a gaban ƙotar, ta ƙasa, inda yatsunsa na hagu suke tallafe ta, bai fi faɗin yatsa biyu ba. Na ajiye kwalbar, na rufe shago da rana tsaka, na zauna a ciki na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izarsa. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, har mamanka.

Ba zan ce maka kada ka gyara tsohon abu ba, sana'ata ke nan. Amma kafin ka kankare, ka duba da kyau ka tambayi kanka ko datti ne ko sawun wani.

Yanzu na zo kan taka. Tun kana rarrafe da hagu kake miƙa hannu. Na bi ka da tsawa har ka koma cin abinci da dama, wannan kam ban yi nadama ba. Amma ban tsaya nan ba. Na hana ka riƙe guduma da hagu, na hana ka zarto da hagu, da ka isa riƙe bindiga na ce a gidan nan da dama ake harbi. Ƙotar kuma an yi ta ne don na-dama, tana da tudu a gefe guda inda kunci yake kwanciya, ɗaya gefen kuwa kaifi ne da zai ci fuskar bahago. Shekara da shekaru kana rufe idon da ya fi gani kana harbi da ɗayan, kana kuskuren gwangwani a taku goma, ni kuma ina dariya ina cewa ba ka gaji kakanka ba. Da ka bar shago ka ce makaranta za ka yi, na ce dama hannunka ba na aiki ba ne. Ni na ɗaure hannun, sannan na zo ina yi masa gori.

Ranar nan da na shigo na ga magagari a kan ƙotar, ban tuna komai ba sai ɗan baƙin wurin nan. Jini ya hau mini kai. A gaban mamanka da ƙannenka mata da abokinka da ya zo gaishe mu na ce maka bahagon banza, mai ɓata abin da bai san darajarsa ba, na ce abin da kakanka ya bari lafiya lau shi za ka lalata. Ka ji wannan ƙarya, lafiya lau, daga bakin mutumin da ya yanke ta, ya tsaga ta, ya kankare ta.  Ka ajiye magagarin a hankali, ka kakkaɓe wandonka, ka shiga ɗaki.

Sai bayan kwana biyu da tafiyarka na iya ɗaukar ta na duba. Ka kwance ƙarfen ka naɗe shi a tsumma mai mai, ka zuba sukurorin a murfin kwalba don kada su ɓace. Ka ja layi da fensir a kan kaifin nan kaɗai, siriri, ka tsaya nesa da wuyan. Abin da ka ci bai kai kaurin farce ba. Sannan na juya ta, na ga ka naɗe gaban ƙotar da takarda ka ɗaure da zare, daidai kan baƙin wurin, don kada ko ƙura ta taɓa shi. Ban taɓa gaya maka mene ne wurin nan ba. Na kai wa mamanka na nuna mata.

Ta ce, "Malam, yaron da ya tashi yana ganin kullum ka sauko da bindigar nan sai ka shafa wurin da yatsa kafin ka yi komai, kana tsammani makaho ne? Ya taɓa tambayata, na ce ban sani ba, ya ce shi ya sani."

Na juya na koma shago.

Shawarar da ke cikin wannan ba sai na tsawaita ba. Wata rana za a sa mutane a ƙarƙashinka, wata rana kuma in Allah ya so za ka haifi naka. In ranka ya ɓaci, ka duba aikin tukuna kafin ka buɗe baki, in kuma faɗan ya zama dole ka ja mutum gefe. Kuma ka bar kowa ya yi aiki da hannun da Allah ya ba shi ƙarfi a ciki.

Bindigar kam ba za ka tafi da ita ba, kada ma ka fara. Zamani ya canja, ba a shiga mota da abu mai kama da bindiga yanzu, ko ta harbin kurciya ce, kafin ka gama bayani a shingen farko an sauke ka. Za ta zauna a gida, amma taka ce daga yau, na faɗa a gaban mamanka da gwaggonka. Ban taɓa aikinka ba, layin fensir ɗinka yana nan yadda ka bar shi. Na so in ƙarasa maka in aiko a nuna maka, sai na ga ba zai yiwu ba, don ban san inda kuncinka yake sauka ba, in na yi bisa kintace zan sake ɓata ta ne karo na huɗu.

Abba, na zalunce ka, ba ranar nan kaɗai ba. Ka yafe mini. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan buɗe shago in zauna, ba zan karɓi aikin kowa ba. In ka ga dama ka hau keke ka zo, kai za ka riƙe magagari, ni in riƙe maka katako. In zuciyarka ba ta sauko ba tukuna, ba zan riƙe ka da komai ba, kuma za ka gan ni a tasha ranar Asabar ko ba ka yi mini magana ba. Amma ina so ka zo. Shekarunka ashirin da shida, ban taɓa ganin ka ɗora ta a kafaɗarka ta hagu ba, kuma ina so in gani kafin ka tafi.

Allah ya yi maka albarka, ya kai ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya sa ka ci halal ɗinka cikin kwanciyar rai, ya dawo mana da kai muna raye. Ya jiƙan kakanninka da rahama. Mamanka da ƙannenka suna gaishe ka.

Ni ne mahaifinka,
Sule.